Hoto mai zurfi bai fi ƙarfin masu ɗaukar hoto na Maradi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da abokan sana'ata masu ɗaukar hoto, waɗanda da yawansu suka ɗauka cewa hoto mai zurfi, wanda mai kallo ke rarrabe na kusa da na nesa a cikinsa, sai da na'ura mai tsada daga Turai. Ba haka ba ne. Tun a shekarar 1838 masanin kimiyya Charles Wheatstone ya bayyana a Ingila cewa kowane ido yana ganin abu daga kusurwarsa, ƙwaƙwalwa kuma ita ke haɗa hotunan biyu ta fitar da zurfi. Duk abin da aka ƙera bayan haka, har da kyamarar Fujifilm mai ido biyu da ta fito a 2009, a kan wannan ka'ida yake tafiya.

Abin da ake buƙata shi ne ƙananan kyamarori biyu iri ɗaya, da sandar alminiyon miƙaƙƙiya wadda kowane mai walda a garin nan zai iya hudawa, da noti biyu masu kaurin rubu'in inci, domin shi ne awon ramin da ke ƙarƙashin yawancin kyamarori. Tazarar da ke tsakanin idanun babban mutum tana kusan milimita 63 zuwa 65 a matsakaici, saboda haka kusan haka ake so tsakanin gilasan kyamarorin. Idan jikinsu ya yi faɗi har suka hana juna matsowa, sai a lanƙwasa sandar a kifa ɗaya kyamarar, daga baya a juya hotonta a kwamfuta.

Masu wannan aiki suna da awon da suke bi: tazarar kyamarorin ta zama kashi ɗaya cikin 30 na nisan abin da ya fi kusa. Mutumin da ke tsaye mita 2 daga gare ka, santimita 6 da rabi ta wadatar. Amma wanda ke son ɗaukar Gulbin Maradi daga tudu, inda itacen da ya fi kusa yake mita 30, zai iya buɗa su har mita guda, sai dai ya san cewa idan ya wuce haka mutane da shanu za su fito kamar ƴan tsana. Kuma a bar kyamarorin suna duban gaba sak, kada a karkato su su dubi juna, domin karkatarwar tana gurɓata gefunan hoto, ta jawo wa mai kallo ciwon kai.

A nawa ganin, inda aikin yake da wuya shi ne kyamarorin biyu su ɗauki hoto lokaci ɗaya, kuma nan ne ya shafe mu kai tsaye, tunda abin da ya fi cancanta mu adana shi ne hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Gobir a Tibiri. Dokin da ke sukuwar mita 10 a daƙiƙa yana cin santimita 10 cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, wato fiye da tazarar gilasan kansu, don haka latsawa da yatsu biyu ba za ta yi ba. Dole a haɗa kyamarorin da maɓalli guda ta igiyar waya, kuma ga wasu ƙananan kyamarorin Canon akwai manhajar StereoData Maker da aka yi don haka. Gini da sassaƙa ba sa motsi, don haka kyamara ɗaya ma ta ishe su, a ɗauka, a gusa kaɗan zuwa dama, a sake ɗauka.

Daidaita hotunan kuwa manhajar StereoPhoto Maker tana yinsa kyauta, tana kuma fitar da irin wanda ake kallo da tabarau mai ja a hagu da shuɗi-shuɗi a dama. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi a sallar da ke tafe ta buga irin waɗannan hotuna biyu-biyu a jere, na hagu da na dama, kamar yadda ake buga su a kati tun ƙarni na 19.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto, Maradi