Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin jirgin da ya zube mu a Kano maimakon Katsina

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan jirginku na Abuja zuwa Katsina, wanda hazo ya hana shi sauka, ya juya da mu Kano da dare, aka bar mu babu wanda ya ce mana uffan.

Matuƙin dai ba ni da ƙorafi a kansa, Allah ya saka masa da alheri. Saukar jirgi cikin hazo tana da ƙa'ida. Inda akwai na'urar ILS mataki na farko, wadda ke nuna wa matuƙi tsakiyar titi da gangarar sauka ta kusan digiri 3, jirgi zai iya yin ƙasa har ya rage ƙafa 200, muddin ana iya hangen mita 800, ko mita 550 in a kan titin aka auna. Ya kai wannan tsayi bai ga titi ko fitilunsa ba, dole ya sake tashi sama, babu wani bari in ƙara leƙawa. Inda kuwa da na'urar VOR ake sauka, wadda ke nuna alkibla amma ba ta nuna gangara, nisan ganin da ake buƙata ya fi haka. Wanda ya karya wannan ƙa'ida da rayukan mutane yake caca.

Da ku nake, ku na ofis. Hazo ba baƙo ba ne a Katsina. Kowane hunturu iska na kwaso ƙura daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Arewa, har rana ta koma kamar faifai. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da rahoton nisan gani da hasashensa, kuma masu tsara muku tafiya suna duba shi kafin a tashi. Da shi ake ƙara mai, da shi ake zaɓar filin da za a karkata in sauka ta gagara. Ke nan tun muna Abuja kun san da wuya mu ga Katsina. Me ya hana a faɗa mana? Mai ɗaurin aure washegari da mai raka marar lafiya sai kowa ya yi shawara da kansa, ko ya bi mota tun da sauran rana, ko ya ɗage tafiya.

A Kano abin ya fi ciwo. Babu wakilinku, babu mota, babu masauki. Har da wata dattijuwa zaune kan jakarta, jikanta na ta kiran lambarku ba a ɗagawa. Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, kuma kowa ya san yanzu ba a son tafiyar dare a hanyoyinmu. Tikitina Katsina aka rubuta a kansa. Hazo uzuri ne na rashin sauka, amma bai sauke muku nauyin kai mu gida ba, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da ƙa'idojin kare fasinja da suka tanadi abin taɓawa, masauki in dare ya yi, da mayar da kuɗi.

Ina neman ku biya mu kuɗin masauki da na mota da muka kashe daga aljihunmu. Daga yanzu kuma, duk ranar da nisan gani a Katsina ya kusa iyakar sauka, ku turo saƙo ta waya da Hausa da Turanci kafin mu bar gida. In shiru ta yi yawa, da rasit ɗina da tikitina zan kai ƙara NCAA.

Na gode,
Fasinjanku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina