Abin da majiyyaci da danginsa ya kamata su sani kan kwanciya a asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan kwanciya a asibiti.

Da zarar an ba mutum gado, wajibi ne a nuna wa likita dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a kuma faɗi waɗanda jikinsa ba ya karɓa, domin wasu magungunan idan suka haɗu illarsu takan fi amfaninsu. Idan aka hana majiyyaci abinci kafin tiyata, ba mugunta ba ce, tunda wanda aka yi wa allurar barci yana iya yin amai, aman ya shiga huhunsa. Ba shi abinci a ɓoye saboda tausayi ganganci ne.

Abin da ya fi damuna shi ne cunkoson 'yan dubiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, majiyyata 15 cikin 100 kan kamu da wata cutar a cikin asibitin, don haka wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mara lafiya ya zama dole. Mai jinya kuma kada ya ƙara gudun ƙarin ruwa da kansa, ya kira nas.

Ranar sallama, a tambayi yadda za a sha kowane magani, da ranar komawa ganin likita, da alamomin da ke nuna a dawo cikin gaggawa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku