Na samu aiki a nesa, gidana na neman fin ƙarfina

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah kada a ambaci sunana, domin mai ɗakina ba ta wuce shirinki, yayanta ma yana ji, kuma shi ne rabin damuwata.

An kwantar da ɗana a asibiti daren Talatar da ta wuce, ni ubansa ban sani ba sai daren Juma'a da na dawo na ga filasta a bayan hannunsa, inda aka sa masa ƙarin ruwa. Ko a nan ma ba daga bakin uwarsa na ji ba. Yayarsa ce, yarinya 'yar aji uku, ta ce min Kawu ne ya zo da motarsa cikin dare ya kwashe su. Hajiya, ina da rai, ina da waya, albashina ke ciyar da gidan nan, amma wani namiji ne ya tsaya a kan ɗana, ya sa hannu a takardar asibiti, ya biya kuɗi, ya dawo da su gida.

Bari in koma baya don ki fahimta. Kamfanin da nake yi wa aiki a da ya rage ma'aikata, na shiga cikin waɗanda abin ya shafa, ba don wani laifi ba, takardar sallamata tana nan kowa zai iya karantawa. Na daɗe a zaune. Babu inda ban kai takarduna ba. A lokacin, da albashin mai ɗakina na koyarwa muke lallaɓawa, kuma ban taɓa musun wannan ba, ko a gaban waye. Sau ɗaya yayanta ya biya wa yara kuɗin makaranta, sau ɗaya tak, amma har yau idan muka gaisa sai ya tambaye ni yaya karatun yara da wata irin murya da ni kaɗai na san abin da take nufi. Mutum ne mai son a ce shi ya yi. Tun kafin aurenmu bai so ni ba, wannan kuma wani dogon labari ne.

To sai Allah ya kawo wannan aikin, mataimakin mai kula da sito a wata masana'anta. Aikin ba na wasa ba ne. Manyan motoci suna fara shigowa ƙarfe 7 na safe, kowane kaya sai an ƙirga shi, an duba shi da takardar da direba ya zo da ita, an shigar a kwamfuta, sannan a sa hannu. Idan katan ɗaya ya ɓace, wanda ya sa hannu za a tambaya. Ƙarshen wata kuma akwai ƙidayar kaya gaba ɗaya, ba mai tafiya sai lissafin kwamfuta ya yi daidai da abin da ke kan kanta, ko da za a kai tsakar dare. Kuma ina cikin wa'adin gwaji na wata 6, wanda a cikinsa za su iya sallamar mutum ba tare da dogon bayani ba. Na faɗa mata wannan ya fi a ƙirga.

Tana yawan cewa na karɓi aikin ban shawarce ta ba. Hajiya, an kira ni aka ce in ba da amsa kafin a tashi aiki washegari, akwai wasu a layi. Wace shawara ce za a yi a kan abin da muka daɗe muna roƙon Allah tare? Ita da kanta take cewa ko ina ne in tafi, in dai za a samu. Da na nuna mata takardar ɗaukar aiki ta yi murna, ta kira 'yan'uwanta ta faɗa musu. Sai da ta ga sunan garin ne fuskarta ta canza.

Nisan wurin awa uku da rabi ne idan hanya ta yi kyau, idan aka haɗu da cunkoso ko ruwan sama ya kan kai biyar. Da farko saboda ita na ce zan riƙa zuwa ina dawowa kullum. Kafin asuba na fita, ban shigo gida sai yara sun yi barci. Likitoci na cewa babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, ni ko huɗu ba na cikawa. Wani dare ina tuƙi idona ya rufe, ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ni. Daga baya na zauna na yi lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ke nan gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa mota ta yi tafiyar fiye da mita 100 ba kowa a kan sitiyari. Na nuna mata lissafin, na nuna mata rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 da ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara. Ita ce ta ce in nemi ɗaki a can, gara ta gan ni ranar Juma'a da a kawo mata gawata. Ita ta faɗa. Yanzu kuma ɗakin ya zama abin gori.

Ɗakin ma ba wani ɗaki ba ne, ni da wani abokin aiki muke raba haya, katifa biyu da fanka. Amma idan kika ji yadda ƙanwarta ke magana sai ki ɗauka wani gida na biyu na buɗe. Ita ce ta tura mata wani rubutu ta WhatsApp a kan binciken da aka yi a jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin a 2011, wai ma'auratan da ɗayansu ke doguwar tafiya zuwa wurin aiki sun fi sauran fuskantar rabuwa da kashi 40 cikin ɗari. Mai ɗakina ta turo min ba ko sallama. Na bi na karanta, binciken gaskiya ne, amma a cikinsa an ce shekaru biyar na farko ne suka fi wuya, waɗanda suka wuce su sukan daidaita. Wannan ɓangaren ƙanwar ba ta turo ba. Yarinyar da ba ta yi aure ba, me ya kai ta binciken rabuwar aure idan ba da wata manufa ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma matata ce ke buɗe musu duk abin da ke tsakaninmu.

Na koma kan maganar asibitin. Ta ce ta kira ni. Eh, ta kira. Amma ta san ba a shiga sito da waya, a loka ake barinta, dokar wurin ce, kuma makon ƙidaya ne. Da na fito na ga kiranta da yawa, dare ya yi nisa, na tura mata saƙo cewa zan kira da safe. Ina zan san na asibiti ne? Kullum haka kiranta yake, famfo na yoyo, mai gida ya aiko, yaro ya ƙi yin aikin makaranta, abubuwan da ba abin da zan iya yi a kansu daga inda nake. Da ta rubuta kalma ɗaya, asibiti, wallahi da a daren zan kamo hanya ko da aikin zai tafi. Ba ta rubuta ba. Da safe na kira ba ta ɗauka ba, na ɗauka tana aji. Laraba da Alhamis muka yi magana sama-sama, na tambayi yara ta ce suna lafiya. Suna lafiya, Hajiya, alhali ɗaya na kan gadon asibiti.

Da na tambaye ta dalili daren Juma'ar, ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tayar min da hankali. Ta ce: "Baban yara, da na faɗa maka me za ka yi? Ka ce kada a dame ka a makon ƙidaya. Mun koyi zama ba kai." Ta juya ta ci gaba da ninke kaya. A da idan muka saɓa har kuka take yi, ta yi kwana biyu tana mita. Yanzu ba ta yi. Idan mace ta daina faɗa da mijinta, me hakan ke nufi? Ni dai ban gane mata ba.

Kuma ba a ganin tawa wahalar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin yana tafiya a mai, hayar ɗaki da abincin saye. Juma'a ina isowa jikina duk ciwo. Asabar idan na ɗan yi barci sai a ce na zo gida barci. Idan na tashi, ga jerin gyare-gyare na jira na, ga gaishe-gaishen da aka tara min. Idan na tsawata wa yara ta ce na zo ina rusa tsarin da ta yi kwana biyar tana ginawa, idan na ƙyale su ta ce na bar mata tarbiyya ita kaɗai, ni na zama baban wasa. Lahadi da la'asar tuni hankalina ya koma hanya. Ƙaramin, shi wanda aka kwantar ɗin, yanzu idan ya faɗi ko ya ji tsoro ba ya zuwa wurina ko ina zaune a gabansa. Kiran bidiyo da muke yi da daddare ma ya daina tsayawa, sai ya leƙo ya gudu. Na san ba haka kawai ba ne, yaro abin da yake ji a gida shi yake ɗauka.

Na kawo shawarar mu koma can gaba ɗaya. Ta ce ba za ta bar aikinta da makarantar yara da mahaifiyarta da ba ta da lafiya ba saboda aikin da ba a ma tabbatar min da shi ba. Ta ce in roƙi oga ya bar ni in riƙa tashi da wuri ranar Juma'a, ko in shigo a makare ranar Litinin. Wanda ke gwaji ba ya roƙon alfarma, duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san haka, kuma Litinin ce ranar da motoci suka fi yawa. Abokin ɗakina ya yi shekara da shekaru a haka, matarsa ba ta taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. Da na faɗa mata haka sai ta ce in je in tambayi matar tasa.

Na yi tunanin ajiye aikin, har na rubuta takardar a waya ban tura ba. Amma in ajiye in koma ina? In koma zaman da yayanta zai riƙa biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta? Abin da yake so ke nan. Na manta ban faɗa miki ba, ashe har makullin gidana ta ba shi, wai saboda larurar dare. A bakin 'yata na ji wannan ma.

Ranar Asabar na kira shi na yi godiya kamar yadda ya kamata, na ce ya faɗa min abin da ya kashe a asibiti in mayar masa. Sai ya yi dariya ya ce: "Haba, ai ɗana ne, kai dai ka ji da hanya." Ki ji fa, in ji da hanya. Na matsa, ya kashe wayar. Na samu rasit ɗin a jakarta, na cire kuɗin daidai na sa a ambulan, yana nan a wurina. Ita ta ce idan na kai masa na ci mutuncin gidansu, kuma ba za ta manta ba.

Hajiya, ki taimaka min da shawara kafin Juma'a mai zuwa. Ta yaya zan mayar wa mutumin nan kuɗinsa in kuma karɓi makullin gidana ba tare da an ce ni butulu ne ba? In kai masa da kaina ne, ko in tura ta asusunsa in yi shiru? Kuma idan da hali ki yi wa mata nasiha a shirin kan ɓoye wa miji rashin lafiyar ɗansa, tana jin maganarki fiye da tawa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Daga mai sauraronki a kullum.