Wasiƙar daren da ya fi tsawo, daga Gwanzu

Gwanzu, ƙasar Sin, 21 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum Inna da Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya sanyi? Na san hunturu ya kankama a Kano yanzu, hazo ya rufe gari. A gaishe min da Yaya da yaranta, da Auta.

Yau Sinawa ke bikin da suke kira Dongzhi, ranar da dare ya fi na kullum tsawo a shekara. A Bejin hasken rana bai wuce awa 9 da minti 20 ba, nan Gwanzu kuma awa 10 da minti 40 da ɗoriya. Ba hutun gwamnati ba ne, amma mutanen kudancin nan suna cewa ya fi sabuwar shekara girma, kowa sauri yake ya koma gida a ci abincin dare tare. Daga yau suke ƙirga kwana tara-tara har sau tara, wato kwana 81, sannan a ce sanyi ya tafi. Wasu gidajen kan yi wa kakanni hadaya. Wannan ba namu ba ne, abincin nake so in ba ku labari.

Mutanen arewa jiaozi suke ci: fulawa ce ake naɗe nama a ciki, kamar ƙaramin samosa, sai dai dafawa ake yi a ruwa ba suya ba. Suna danganta shi da wani likita na zamanin daular Han, Zhang Zhongjing, wanda aka ce ya riƙa dafa wa talakawan da sanyi ya cinye wa kunnuwa naman rago a naɗe da siffar kunne. Har gobe ana tsokanar yara cewa wanda bai ci ba kunnensa zai faɗi.

Yaya, wannan za ki iya shi a gida, komai akwai a kasuwa. Fulawa giram 500, ruwa mililita 250, gishiri rabin ƙaramin cokali. A kwaɓa ya yi tauri, a rufe a bar shi minti 30. Hutun nan ba a tsallake shi, in ba haka ba kina murzawa yana komawa. A yanka ƙanana, kowane kamar giram 10, a murza ya kai faɗin santimita 8, tsakiya da ɗan kauri, baki siriri. Zai ba ki guda 70 ko sama da haka.

Haɗin ciki kuwa niƙaƙƙen naman rago ne giram 500, a bar masa kitse kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin zallar tsoka bushewa take yi ta zama kamar dusa. Sai albasa, ɗanyar citta, karas da aka kankare, gishiri da man riɗi. Sirrin yana cikin ruwa. Suna jiƙa wani yaji da suke kira huajiao, dangin fasaƙwarinmu ne, a ruwan zafi mililita 100, in ya huce a riƙa zuba wa naman kaɗan-kaɗan ana juyawa ta gefe ɗaya kawai har ya shanye ya yi danƙo. Shi ke kashe ƙarnin rago, shi ke sa in an ciza romo ya fito. In za ki sa kabeji, ki barbaɗa masa gishiri ki matse ruwan tas tukuna. In kin yi ganda, ruwan zai jiƙa bakin fulawar ya ƙi liƙewa, su farfashe a tukunya ki tashi da fate.

Dafawar kamar ɗan wake ce: ruwa mai yawa ya tafasa, a jefa, a tura su da bayan ludayi don kada su kama gindi. Ya tafaso, a zuba rabin kofin ruwan sanyi. A yi haka sau uku. Ruwan sanyin na rage ƙarfin tafasa don naman ya nuna kafin fatar ta yage.

Nan kudu tangyuan ne sarki. Ƙwallaye ne farare na garin shinkafa mai danƙo, a cikin ruwan citta mai zaƙi, kuma sunan ya yi kama da kalmarsu ta haɗuwar iyali, shi ya sa ba ya rasuwa a wannan dare. Amma a nan gizo ke saƙa: shinkafar tuwonmu ba ita ba ce. Ko an niƙa ta lilis ba za ta yi wannan danƙon ba, ƙwallon zai tsage tun a hannu. Sai ainihin garin shinkafar da suke kira nuomi, in an samu mai tahowa zan ba da a kawo muku leda biyu.

Gari giram 200, ruwan ɗumi kamar mililita 160. A gutsuri ɗan curi kamar girman goro a dafa shi har ya taso, a mayar cikin sauran a murje; shi ke riƙe kwaɓin. Cikinsa riɗi ne baƙi giram 80, soyayye a daka, da sukari giram 50 da man shanu giram 50. Farin riɗi ko gyaɗa ma suna yi. A sa a firij ya daskare kafin a naɗe, in ya narke ba ya naɗuwa. Idan sun taso saman ruwa a rage wuta a ƙara minti 2, wuta mai yawa fasa su take. Romon kuwa citta ce da mazarƙwaila a ruwa lita ɗaya. A ja wa yara kunne, waje ya huce amma riɗin ciki na ƙona harshe, kuma kada a ba ƙanana ƙwallo guda, yana iya shaƙe su.

Baba, na san tambayar da ke ranka. Na gargajiya da kitsen alade ake haɗa riɗin, jiaozi na kasuwa kuma yawanci alade ne, har da giyar girki a ciki. Saboda haka ko na leda ne sai an ga alamar qingzhen, wato halal. Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui da Uigur, suna da gidajen abinci da mahauta a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi yawa, can ake samun rago mai kyau, sai dai yau layi ya yi tsawo.

Aikin jiaozi ba na mutum ɗaya ba ne, guda 70 sai an baje tabarma: ɗaya na yanka, ɗaya na murzawa, saura na naɗewa. A barbaɗa wa faranti fulawa kafin a jera, kada su manne. Auta, na Inna a rage musu yaji.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarku,
daga Gwanzu