Ga Masu Shirin Jarrabawar LSAT: Tambayoyin Auna Hujja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu burin karatun lauya a Amurka ko Kanada, don kada su yi asarar watannin da ni na yi.

Wata bakwai ke nan ina shirin LSAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun lauya a ƙasashen nan, kullum da dare bayan na taso daga aiki. Da farko na zaci za a tambaye ni dokoki, ashe ko tambaya ɗaya ta doka babu. Hukumar LSAC mai shirya jarrabawar tana ba da maki daga 120 zuwa 180, kuma tun watan Agustan 2024 ta cire wani sashe na wasa ƙwaƙwalwa da ake jera abubuwa da zane-zane, don haka duk wanda ya samu tsohon littafi ya lura. Yanzu cikin sassa uku da ake ba wa maki, biyu na auna hujja ne, ɗaya na fahimtar karatu. Akwai na huɗu na gwaji da ba ya shiga lissafi, sai dai ba a gaya maka wanne ne. Kowane sashe minti 35, tambayoyin auna hujja kuwa wajen 25 ne a sashe, ka ga ko minti ɗaya da rabi babu ga kowace.

Abin da ya daɗe yana kayar da ni shi ne zaɓar amsar da na san gaskiya ce. Ga irin abin da ake kawowa: an sa fitilu a titunan wani gari, sata ta ragu, sai magajin gari ya ce fitilun ne suka kori ɓarayi. Cikin amsoshi biyar, wacce ce ke raunana maganarsa? Hannuna sai ya tafi kan wadda ta ce fitilun sun ci kuɗi da yawa. Ko da sun ci, ina ruwan biri da gada? Amsar da ke taɓa hujjar ita ce wadda ta ce a watan ne aka ninka 'yan sintiri. Sai da na daina tambayar kaina ko abu gaskiya ne, na koma tambayar wace ƙafa ce hujjar ta tsaya a kanta.

Wurin da na fi shan wuya kuwa shi ne bambance sharaɗin da dole sai da shi da wanda shi kaɗai ya wadatar. Sati uku ina haddace ƙa'idoji ba su zauna ba, har ranar da na tuna karatun fiƙihu na yarinta. Tsarki sharaɗi ne na ingancin salla: marar tsarki ba shi da salla. Amma wanda ka gani da tsarki, ba za ka ce lallai ya yi salla ba. Wallahi daga ranar na fara ganin wannan tarko tun daga nesa, domin masu rubuta tambayoyin suna yawan juya maganar su miƙo maka ita a matsayin amsa.

Da can nakan yi tambaya hamsin a dare, in duba maki, in kwanta. Makina bai motsa ba. Yanzu goma sha biyar nake yi, sannan in sake bin su ba agogo kafin in duba amsa. Duk wadda na faɗi, ina da littafin da nake rubuta abin da ya ja ni ga amsar banza, da kalmar da na tsallake. Yawanci ƙananan kalmomi ne, irin “wasu” da “mafi yawa” da “kaɗai”. Wannan aikin ya fi tambayoyin kansu cin lokaci, kuma shi ne ya ɗaga ni daga 149 zuwa 160 a gwajin gida.

Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada kowa ya bar gurbi. Ni har yanzu tambayoyin nemo hujja mai kama da wata suna cinye mini lokaci, shi ya sa nake barin su sai ƙarshen sashe. Saura sati shida in zauna, ina neman addu'ar masu karatu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Amurka