Ba a yi wa mai bin kowane hannu burga a gasar poka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun 2003, da Chris Moneymaker ya faro daga wata ƙaramar gasar intanet har ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar poka (wasan karta na caca) ta Las Vegas, ƙananan gasanni suka cika da sababbin shiga. Hukuncin caca a addininmu kowa ya san shi, ba ni da abin ƙarawa a kai. Abin da nake son gyarawa shi ne zaton da ake yi cewa gwanayen wasan da burga suke cin kuɗi, wato saka kuɗi da kati marar ƙarfi don abokin wasa ya tsorata ya janye. A ƙaramar gasa burga ce ma take kashe su.

Dalilin yana ga irin mutanen da ke zaune a teburin. A salon Texas Hold'em ana raba wa kowa kati biyu, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Mai lissafi yakan yar da mafi yawan abin da aka raba masa. Sabon shiga kuwa kusan rabin hannuwa (katunan da ake raba masa a kowane zagaye) yake bi, wato ya biya daidai abin da wani ya saka; idan ya shiga, ba ya ƙara kuɗi, ba ya kuma yar da kati. Yi wa wannan burga ɗiban ruwa ne da kwando, domin da ƙaramin tagwai ma, wato kati biyu masu lamba ɗaya, zai bi ka har katin ƙarshe, don kawai ya gani da idonsa.

Maganinsa a sa ya biya da tsada duk lokacin da aka fi shi. Kafin a buɗe katin tsakiya, mai hannu mai ƙarfi ya ƙara ninki uku na babban kuɗin dole (mafi girma cikin kuɗi biyu da ake sakawa tilas kafin a raba kati), da ƙarin ninki ɗaya a kan kowane mutum da ya riga ya bi. Idan uku ne suka bi, ninki shida ke nan. Wannan ƙarin yana da dalili: katin A guda biyu (A ne kati mafi girma, sai K, sai Q), hannun da babu kamarsa, yana cin kusan kashi 85 cikin ɗari a gaban mutum ɗaya, amma a gaban huɗu yakan sauko kusan 56.

Bayan an buɗe ukun farko ne aka fi yin ɓarna, wajen saka ɗan kaɗan wai kada a kore shi. Ai ba ya koruwa. A ce akwai 900 a tsakiya, shi kuma kati ɗaya ya rage masa ya cika biyar masu alama ɗaya. Kati tara ne za su fisshe shi cikin 47 da bai gani ba, wato kusan kashi 19 a kati na gaba. Idan aka saka 600, zai biya 600 ne a tarin da zai zama 2,100, yana bukatar kusan kashi 29 kafin bin ya yi masa riba. Zai bi duk da haka, kuma ribar gwani ke nan. Idan 200 aka saka, an sayar masa da katin a araha.

Sai abu ɗaya da ba a jayayya da shi: ranar da wannan mutum ya ƙara kuɗi da kansa, musamman a kati na huɗu ko na biyar, to ya kama abu. Tagwai ɗaya, ko da na A ne, a yar da shi.

Can gaba, kuɗin dole yana ta hawa, idan abin da ya rage bai wuce ninki goma na babban kuɗin dole ba, zaɓi biyu ne: a tura duka ko a yar. A teburin matsorata ana iya turawa da 6 da 5 masu alama ɗaya, don za su janye. A gaban mai bin komai sai a jira A da 9, ko K da Q, ko tagwai, tunda dole za a buɗe kati a gwada.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku