Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Kan Mata Masu Haihuwa A Habasha

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ɗauki alƙalami ne domin in cika alkawarin da na yi a gaban jama'a ranar taron ƙara wa juna sani, lokacin da ka miƙe ka yi mini tambaya ana dab da tashi. Abin da ka ce shi ne, tunda gwamnatin Habasha ta kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka, kuma ta yafe kuɗin awon ciki da na haihuwa a asibitocinta, me zai hana mu yarda cewa yankunan da aka bari a baya al'ada ce da taurin kan mazaje suka riƙe su? Da yake a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Gaskiyarka ce cewa an yi aiki. A binciken lafiyar iyali na ƙasar na shekarar 2000, kashi 5 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti. Adadin ya kai kashi 10 a 2011, ya kai 26 a 2016, sannan ƙaramin binciken 2019 ya nuna kashi 48. Tun daga 2003 aka fara shirin ɗaukar 'yan mata da suka gama aji goma, a horar da su shekara guda, a tura biyu-biyu zuwa ƙaramin ɗakin shan magani mai kula da mutum kusan 5,000, kuma shirin ya bunƙasa a zamanin da Tedros Adhanom yake ministan lafiya, daga 2005 zuwa 2012, har ma'aikatan suka haura 30,000. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi da ta yi wannan ta cancanci yabo, ba na musu.

Sai dai kashi 26 ɗin nan na 2016, in ka warware shi yanki-yanki, za ka tarar babu macen da take zaune a cikinsa. A birnin Addis Ababa kashi 97 ne ke haihuwa a asibiti, a Tigrai 57, a Amhara 27, a Oromiya 19, a yankin Somali 18, a Afar kuwa 15. Lambar Oromiya ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin yankin ne ya kewaye babban birnin ta kowace kusurwa, yawancin mutanensa manoma ne masu zaman wuri guda, amma ga shi yana gogayya da yankunan makiyaya a ƙasan jerin. Da al'ada kaɗai ce ke aiki, da sai mu ce tana sauka daga kan mace da zarar ta tsallaka iyakar birni. Bambancin birni da karkara a wannan binciken, kashi 79 da kashi 20, ya fi kama da labarin hanya da mota da ɗakin tiyata.

Bari mu matso kusa, Malam, mu dubi mace guda a wani zango na makiyaya a Afar. Ta haihu da tsakar dare a hannun ungozomar gargajiya, jariri ya yi kuka, mabiyiya ta fito, amma mahaifa ta ƙi tsukewa, jini yana ta zuba. Irin wannan zubar jini yana iya kashe lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu. Allurar oksitosin da ke tsayar da shi tana buƙatar ajiya mai sanyi, ga shi ana maganar ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a duniya, inda wutar lantarki ba ta kai ba. Mijinta, wanda kake zargi da taurin kai, ya amince tun farko a tafi da ita, to amma sai an sami waya mai caji da wurin da sabis ke kamawa, sai motar asibiti tana da mai, sai kuma akwai hanyar da za ta bi. In sun yi sa'a sun isa, saura tambaya ta ƙarshe: akwai jinin da za a ƙara mata, akwai wanda ya iya tiyata a daren? Masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun kasa wannan jinkiri gida uku tun a 1994: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Tambayarka ta tsaya a kan na farko, alhali na biyu da na uku su ne ke ciyar da shi, domin iyalin da suka taɓa kwana a hanya da mai naƙuda suka dawo da gawa, da wuya su yi saurin fita a karo na gaba.

Ban ce al'ada ba ta da hannu ba. Auren wuri yana nan, kaciyar mata mai tsanani ta yi yawa a Afar da Somali kuma tana wahalar da haihuwa, sannan akwai gidajen da mace ba ta fita sai da izini. Amma ko a nan, tsarin da aka kawo ɗinki ne da aka yi da awon manoma mazauna tsaunuka masu zaman wuri guda. Ɗakin shan magani gini ne da ba ya motsi, mutanen da aka gina dominsu kuwa suna bin ruwa da ciyawa da raƙumansu. Da aka rasa isassun 'yan mata masu ilimin boko a waɗannan yankuna, sai aka ɗauki maza da yawa a aikin, kuma kai ma ka san abin da zai faru in aka ce mace mai ciki ta kwanta namijin da ta sani a gari ya duba ta. Laifin da muke ɗora wa al'ada, wani kasonsa na makarantar da ba a gina ba ne shekaru ashirin da suka wuce.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ke faruwa in an gyara hanyar. Asibitin Attat da ke yankin Gurage na Habasha ya buɗe masaukin jiran haihuwa tun a shekarun 1970, inda mace mai ciki mai haɗari take zuwa ta zauna kusa da ɗakin tiyata kafin naƙuda ta taso, kuma matan karkara suka riƙa zuwa. Asibitin yoyon fitsari da likitoci Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a Addis Ababa a 1974 ya shekara da shekaru yana karɓar matan da suka yi tafiyar kwanaki domin neman magani, bayan doguwar naƙuda ta yi musu lahani. Macen da za ta iya wannan tafiya da rauni a jikinta, ba gudun asibiti take yi ba. Daga 2009 kuma ƙasar ta fara horar da jami'an lafiya waɗanda ba likitoci ba su iya tiyatar gaggawa, har da ciro jariri, saboda likitoci sun taru a manyan birane.

Tigrai ta nuna ɗaya gefen. Yankin da ya fi kowane yankin karkara yawan haihuwa a asibiti a 2016 ya faɗa yaƙi a Nuwamban 2020, kuma a Maris na 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce daga cikin cibiyoyin lafiya 106 da ta ziyarta, kusan kashi 70 an wawashe su, kashi 13 kaɗai ke aiki yadda ya kamata. Al'adar mutanen ba ta sauya cikin wata huɗu ba, asibitin ne ya ɓace musu.

Saboda haka, Malam, amsata ita ce a'a, ban yarda a jingina bambancin ga al'ada da mazaje ba, ko da yake suna da nasu kason. In za mu sake haɗuwa a kan wannan batu, ina roƙon ka zo da lissafin tazarar da ke tsakanin mace a Afar ko ƙauyen Oromiya da ɗakin tiyata mafi kusa mai jini a ajiye, mu ajiye shi gefen na Addis Ababa, sannan mu ga abin da ya rage wa al'ada.

Wassalam, tare da girmamawa.